Darasi na Tara: Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi

Inji ba ya tashi sai abu uku sun haɗu: mai, da wuta, da matsi. Kadan ka duba ka ga mai yana zuwa, fulogi kuma yana ba da wuta, amma mota ta ƙi tashi, to, sai ka tuhumi matsi.

Mene ne matsi? A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka. In ya hau, sai ya matse iska da mai wuri ɗaya, sa'an nan wuta ta kama su da ƙarfi. Ka dubi zuga-zugin maƙeri. In fatarsa ta huje, kome ƙoƙarin mai zuga, wuta ba ta ruruwa. Haka inji yake in iska tana zurarewa.

Ga yadda a ke gwadawa. A ce Peugeot 504 ce, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Silindarta 4 ce. Ka cire wayar kwayil, ka kwance fulogi duka 4. Ka ɗaura ma'aunin matsi a ramin na farko. Wani ya taka totur har ƙasa, ya murɗa makulli, inji ya juya kamar sau 5. Ka rubuta lambar da allura ta nuna. Ka yi wa sauran haka.

Lafiyayyen inji ya kan nuna fiye da 120 a ma'aunin psi, silindu kuma ba su nisa da juna. Wadda ta kasa 90, ita ce mai ciwo.

Yanzu saura sanin inda iska ta ke fita. Ka zuba baƙin mai cokali ɗaya cikin silindar, ka sake gwadawa. In allura ta hau, ringi ne ya cinye, gama mai ya toshe kafar na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne ya ƙone, ko ba ya rufuwa sosai. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone tsakaninsu. In kuwa duka suka faɗi rana ɗaya, inji yana juyawa sakayau, a dubi sarƙar tayimin, watakila ta tsallake haƙori.

Mutane da yawa su kan sayi sabon batir da kabireta, alhali ciwon yana cikin silinda, kuɗinsu ya tafi a banza. Kai dai kada ka yarda a buɗe maka inji, kada kuma ka sayi kome, sai ka ga lambobin nan 4 a rubuce.