Daga Jakar Tata Zuwa Tukunyar Burkutu: Nazarin Kalmomin Haɗa Giya a Hausa

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi wata hanyar haɗa giya a gida da ta ɓulla a ƙasar Ostireliya, wadda ake taƙaita sunanta da BIAB, ta kwatanta matakanta da na dafa burkutu. Manufar ita ce a gano kalmomin da Hausa ta riga ta mallaka na bayyana waɗannan matakai, da wuraren da aro ya zama dole. An gano cewa madafin Bahaushe ya tanadi mafi yawan kalmomin, kuma fassarar sunan hanyar kalma da kalma tana ɓatar da mai karatu.

1.0 Gabatarwa

Giya haramtacciya ce a Musulunci, kuma mafi yawan Hausawa Musulmi ne. Duk da haka, kalmomin giya da burkutu da fito da barasa suna cikin rumbun kalmomin harshen, haka kuma Greenberg ya yi bayanin Maguzawan ƙasar Kano a littafinsa na 1946, mutanen da giyar dawa ke da gurbi a bukukuwansu. Mai fassarar darasin kimiyya da ma'aikacin lafiya da alƙali duk suna buƙatar sahihan kalmomi idan zancen ya taso. Saboda haka, harshen sana'ar ne abin nazari a nan, ba tallata ta ba.

2.0 Hanyar Jakar Tata

An ɗage sharaɗin lasisin haɗa giya a gida a Birtaniya a 1963, Amurka kuma ta halatta shi da dokar 1978. Masu wannan sha'awa sun daɗe suna kwaikwayon masana'antu da tukwane uku: ta ɗumama ruwa, ta tsima hatsi, da ta tafasawa. A tsakiyar shekarun 2000 wasu 'yan Ostireliya suka yaɗa dabarar mayar da ukun ɗaya.

Ga yadda aikin yake. Domin samun lita 20, akan zuba ruwa kimanin lita 30 a babbar tukunya, a ɗumama shi, a shimfiɗa jaka mai ƙananan idanu da aka ɗinka da yadin roba, bakinta na rataye a bakin tukunyar. Sai a zuba ɓarzajjen tsiron sha'ir kilo 4 zuwa 5 a cikin jakar, a riƙe zafin a tsakanin digiri 65 da 68 na ma'aunin Selshiyos har tsawon sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi. A wannan zafi ne sinadaran da ke cikin tsiron, waɗanda ake kira amiles, suke narkar da sitaci ya koma sukari. Daga nan a ɗaga jakar, a bar ta ta ɗige, dusa ta tafi da ita, ruwan zaƙi ya saura. Shi za a tafasa na sa'a guda tare da furen hof mai ɗaci, a huce shi zuwa digiri 18 ko 20, a sa yis, a rufe mako ɗaya ko biyu.

A tsarin tukwane uku, ɓawon sha'ir ne yake taruwa a gindin tukunya ya zama matata, shi ya sa ba a son a niƙe shi. A nan kuwa jaka ta karɓi aikin, don haka ana iya ɓarza hatsin ya yi laushi fiye da yadda aka saba. Abin da aka rasa shi ne ɗaurayar dusa da sabon ruwa, wanda ke sa wani sukari ya tafi a cikinta.

3.0 Tukunyar Burkutu

Burkutu da dawa ake yin sa, kuma galibi sana'ar mata ce. Akan jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a lulluɓe, ana yayyafa ruwa na wasu kwanaki har ta tsira, a shanya a rana, a niƙa. Sai a dama garin da ruwa, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasa, sannan a mayar da wanda aka tsiyaye. Haɗin yakan kwana ya yi tsami, a sake tafasawa, a huce, a zuba ragowar tsohuwar giya, a bar shi ya yi ta kumfa kimanin kwana biyu.

Wannan tsiyayewa tana da dalili na kimiyya. Sitacin sha'ir yana buɗewa a zafin da amiles ke aiki, shi ya sa tsimi guda ya wadatar a hanyar jaka. Sitacin dawa kuwa ba ya buɗewa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko ya haura, inda amiles ke fara mutuwa. Mai burkutu takan kuɓutar da sinadaran a ruwan da ta tsiyaye, ta dafa sitacin shi kaɗai, ta haɗa su bayan ya huce. Wanda ya zuba tsiron dawa a jaka ya bi matakan sha'ir, ba zai sami zaƙin kirki ba. Masana'antun giya na Nijeriya ma sun yi fama da wannan bambanci bayan hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, lokacin da suka koma ga dawa da masara.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe Musulmi. Mai kunun zaƙi takan raba ƙullu biyu, ta sheƙa tafasasshen ruwa a kaso mafi yawa, in ya sha iska ta zuba ɗanyen da ke ɗauke da tsiro ko dankali, ta bari ya kwana, ta tace. Matakin farko ɗaya ne, hanya ta rabu ne a wurin barin yis ya mayar da sukari barasa.

4.0 Tantance Kalmomi

Kwatancen ya nuna rukuni uku. Na farko, kalmomin da suka dace kai tsaye: jiƙa, tsiro, shanya, tsiyaye, tata, dusa, kumfa. Hausa ta ma bambanta ɓarza da niƙa da markaɗe, bambancin da ke da muhimmanci a sana'ar.

Na biyu, kalmomin da ke buƙatar iyakancewa. Tsima ta dace da riƙe hatsi a ruwan ɗumi, sai dai tsimi ya riga ya zama sunan wasu jiƙe-jiƙen magani, don haka tsimin tsiro ya fi fayyacewa. Mafi wahala shi ne aikin ƙwayoyin halitta. Wasu masu fassara sukan ce ruɓewa, alhali ruɓa na nufin lalacewa. Tsami aikin bakteriya ne, shi ke ba burkutu ɗanɗanonsa, ga shi kuwa mai giyar sha'ir gudun sa yake yi. Tashi, kamar yadda ake cewa ƙullu ya tashi, ya fi kusa da aikin yis. Haɗe ukun a kalma ɗaya yana shafe bambancin da ke tsakanin giyoyin biyu.

Na uku, inda aro ya zama dole: hof, amiles, yis, sitaci.

Sunan hanyar kansa abin lura ne. Idan aka ce dafa giya a cikin jaka, Bahaushe zai ɗauka jakar ce ake tafasawa, alhali an cire ta kafin tafasa. Hanyar jakar tata ko dahuwar tukunya ɗaya sun fi bayyana abin da ke faruwa.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa sabuwar dabara daga Ostireliya ba ta sami Hausa hannu rabbana ba, domin kalmomin madafi sun ɗauki mafi yawan nauyin. Aikin da ya rage shi ne a koma ga ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da na Jami'ar Bayero na 2006, a tace abin da suka taskace, sannan a naɗi kalmomin sana'ar daga bakin matan da ke yin ta, kafin su bi masu su.