Yadda ake saka facin PES a PPSSPP da sabunta shi ba tare da wasan mutum biyu ya tsinke ba

Duk wani "PES 2025" ko "eFootball 2026" na PPSSPP da ake turawa ta Xender a shagunan cajin waya na Tudun Wada ko Samaru a Gusau, gem ɗin da ke ƙarƙashinsa tsoho ne. PES na ƙarshe da kamfanin Konami ya yi wa na'urar PSP shi ne PES 2014, wanda ya fito a 2013. Abin da ke yawo yanzu faci ne: masu sha'awar gem ɗin ne ke ɗauko tsohon, su sauya sunayen 'yan wasa, jesi, filaye da fuskoki, su liƙa masa sabuwar shekara. Ita kuwa PPSSPP manhaja ce ta kyauta da Henrik Rydgård ya fara fitarwa a 2012, aikinta ta sa waya ta kwaikwayi PSP.

Idan mutum shi kaɗai yake bugawa, kowane faci ya samu ya wadatar. Rigima tana farawa ne in waya biyu za su kara. A wannan salon kowace waya tana lissafin wasan da kanta, abin da suke aika wa juna kusan danne-dannen maɓallai ne kawai. To a ce a wayar ɗaya Victor Osimhen yana Napoli, a ɗayar kuma ya riga ya koma Galatasaray kamar yadda ya yi a 2024, ko kuma gudunsa ya bambanta da maki biyu. Lissafin zai rabu, wasan ya daskare ko ya tsinke ana tsakiyar kai hari, a yi ta zagin hosfot alhali ba shi da laifi.

Kaya uku ne a cikin faci

Idan aka warware facin da ZArchiver, yawanci abu uku ake tararwa. Na farko fayil ɗin gem ɗin kansa, mai ƙarewa da ISO ko CSO. Na biyu foldar SAVEDATA, inda gyare-gyaren ƙungiyoyi da ajiyar wasa suke. Na uku foldar TEXTURES, mai ɗauke da hotunan jesi, ciyawa, ƙwallo da allon maki.

Ba darajarsu ɗaya ba wajen wasan mutum biyu. ISO dole ya zama iri ɗaya sak a wayoyin biyu, ba a suna kaɗai ba. SAVEDATA ma abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a daidaita ta. TEXTURES kuwa ado ce da kowace waya ke shafa wa allonta, ba ta shiga lissafi. Mai ƙaramar waya da ke zafi zai iya barin ta gaba ɗaya, ya kara da mai babbar waya lafiya lau. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna cika ma'ajiyar waya da hotunan da ke sa gem ɗin ja.

Wurin da za a zuba su ya danganta da inda foldar PSP take. Tun da Android 11 ta ƙuntata wa manhajoji shiga ma'ajiya, PPSSPP daga 1.12, wadda ta fito a 2021, takan tambayi inda za ta ajiye kayanta a buɗewar farko. A zaɓi folda ta musamman a babbar ma'ajiyar waya, a sa mata suna PSP. Wanda ya tsallake tambayar, kayansa za su tafi cikin Android/data, inda samun su ke da wuya, kuma ranar da ya goge manhajar za su bi ta. SAVEDATA da TEXTURES suna shiga kai tsaye cikin PSP. A lura kada a samu PSP a cikin PSP, domin shi ne kuskuren da ya fi yawa bayan warware zif. Cikin kowannensu akwai ƙananan foldodi masu farawa da lambar gem, haruffa huɗu da lambobi biyar, ULES na Turai, ULUS na Amurka. Kada a taɓa waɗannan sunaye. Idan lambar ba ta zo ɗaya da ta ISO ba, gem ɗin zai tashi amma da tsofaffin jesi. Sai a kunna "Replace textures" a sashen "Developer tools". Wasu facin kuma baƙin allo suke bayarwa sai an mayar da harshen PPSSPP zuwa Sifaniyanci, saboda a kan wannan harshen aka yi gyaran.

Saba a cikin aljihu

PPSSPP tana da ƙaramar saba a jikinta, wadda aikinta ta gabatar da wayoyi ga juna. Mutum ɗaya ya kunna hosfot, ɗayan ya shiga ta wayfai. Ba a buƙatar data ko kaɗan. Mutanen Zamfara sun san darajar wannan: a ranar 3 ga Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, Gusau ta samu nata a Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai daga baya. Hosfot tsakanin waya da waya bai dogara da turken sadarwa ba.

A sashen "Networking", kowa ya kunna hanyar sadarwar. Mai masauki ne kaɗai zai kunna sabar cikin gida, sannan duka biyun su rubuta adireshin IP na wayarsa a gurbin sabar. A da, 192.168.43.1 ne a kusan duk wayoyin Android, shi ya sa tsofaffin bidiyoyin koyarwa ke nanata shi. Sababbin wayoyi suna sauya lambar, don haka a duba ta duk ranar wasa. "Port offset" ya zama ɗaya a wajen kowa, galibi 10000 ne. Adireshin MAC kuwa dole ya bambanta. Nan ne masu kwafe foldar PSP ɗungurungum daga wayar aboki suke faɗawa rami: sun kwafo har da saitinsa na cikin SYSTEM, sabar ta ga mutum ɗaya sau biyu, ta kori ɗaya. Sauya adireshin MAC a gurbinsa ya isa ya samar da sabo.

Idan ɗan wasa yana Tsafe, abokin karawarsa yana Bungudu, lamarin ya ƙara nauyi. Akwai sabobin jama'a a intanet, kamar socom.cc, amma a salon da aka saba, haɗa mutane kawai suke yi, wasan kansa daga waya zuwa waya yake tafiya. Kamfanonin layi kan ɓoye dubban masu data a bayan adireshi ɗaya, don haka sau da yawa za a ga juna a ɗakin jira amma wasa ya ƙi tashi. Mafitar da aka saba ita ce manhaja irin ZeroTier, wadda ke sa wayoyi masu nisa su zama kamar suna kan wayfai ɗaya, sai a sa adireshin da ta bai wa mai masauki. Yana aiki, amma in sabis yana rawa jinkirin kan ɓata fasin. Wasan ƙarshe na gasa gara a jira a haɗu a Gusau, tunda tana tsakanin garuruwan biyu.

Ranar sabuntawa

Sababbin faci suna fitowa da yawa bayan rufe kasuwar 'yan wasa, ƙarshen Janairu da farkon Satumba. A nan ne rukunin abokai kan watse. Wani ya ga sabon faci a YouTube da daddare, ya sauke, da safe ba ya iya karawa da kowa.

Rukunin da ke son gasarsa ta ɗore ya naɗa mutum ɗaya mai riƙe da faci. Shi ne zai sauke sabon, ya gwada shi da waya biyu, wasa cikakke har busa ta ƙarshe, sannan ya raba shi ta Xender. Faci ɗaya kan kai daga ɗaruruwan megabayit zuwa fiye da gigabayit guda, babu dalilin da mutum goma za su ƙona data a kan abu ɗaya. Kada a sauya faci ana tsakiyar gasa, ko da tauraron wani ya koma ƙungiyar da yake so.

Kafin a zuba sabon, a kwafe tsohuwar SAVEDATA zuwa wata folda a rubuta kwanan wata a sunanta. Sabuwar tana zuwa da sunaye iri ɗaya, kuma in ZArchiver ta tambaya ko a maye gurbi aka amsa, kakar Master League ta wata shida na iya tafiya a daƙiƙa ɗaya. Tsohuwar TEXTURES kuwa kada a zuba sabuwa a kanta. A sauya mata suna ko a fitar da ita, domin in suka cakuɗe sai a ga riga ta bana da wandon bara. Tsohon ISO a bar shi mako guda kafin a goge.

Don tabbatar da cewa fayil ɗaya ne a hannun kowa, suna ba hujja ba ne, kowa na iya sauya shi. A danne gem ɗin a PPSSPP har shafin bayaninsa ya buɗe, a taɓa "Calculate CRC". Za ta ba da lamba mai gurbi takwas. Mai riƙe da faci ya saka tasa a rukunin WhatsApp, wanda tasa ta saɓa ya sake karɓar fayil ɗin, wataƙila turawar ce ta yanke a hanya. Ita ma PPSSPP ɗin a daidaita lambarta, a sabunta ta rana ɗaya. Lokacin karawa a tashi gem ɗin daga farko, ban da ɗauko shi daga ajiyar gaggawa ta manhajar, ban da lambobin maguɗi ko ƙara masa sauri.

Sai batun inda ake samo kayan. ISO ɗin mallakar Konami ne, kuma shafukan da ke raba shi ba su da mai sa musu ido. Faci na gaskiya zif ne mai ISO da foldodi, ba ya neman a girka komai. Idan aka ce sai an saka wata manhaja mai ƙarewa da APK kafin a samu kalmar sirrin zif, ko ta nemi izinin karanta saƙonni, a goge ta nan take, domin ta saƙon waya lambar sirrin banki ke shigowa. PPSSPP ta gaske tana Play Store da shafinta na ppsspp.org, kuma wadda ake biya, mai suna Gold, aikinsu ɗaya da ta kyauta.