Darasin Mako: Ƙaramar Jif Mai Ja da Ƙafa Huɗu, Me Ke Sa Ta Daɗe?

A wannan makon ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta kawo muku darasi a kan wata mota da muke yawan gani a titunan Dutse, wato ƙaramar jif irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V. Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk wanda ya mallake ta ya huta, ba ta kafewa, ba ta lalacewa, ko'ina za ta shiga. Shin haka ne? Ku biyo mu.

Wace irin mota ce?

Wannan mota tana tsakanin ƙaramar mota ta gida da babbar jif irin Land Cruiser. Ginin jikinta irin na ƙaramar mota ne, amma ta fi ta tsayi daga ƙasa, kuma bayanta ya fi cin kaya. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fito da RAV4 a shekarar 1994, shi kuma Honda ya fito da CR-V a 1995. Yawancin waɗanda ke hannun mutanenmu an yi amfani da su a Amurka ko Turai kafin a kawo su, su ne ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Ke nan wata ma ta girme mu kafin ta taka ƙasar Jigawa.

Mene ne ja da ƙafa huɗu?

A yawancin ƙananan motoci, injin yana juya tayoyin gaba ne kawai, na baya biyo su suke yi. A mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda direbobi ke kira fowil, akwai wani dogon ƙarfe a ƙarƙashinta da ake kira farfela. Shi ne yake kai ƙarfin injin zuwa tayoyin baya. A irin waɗannan ƙananan jif, mafi yawan lokaci tayoyin gaba ne suke aiki. Da zarar sun fara santsi, sai motar da kanta ta tura ƙarfi baya, ba tare da direba ya taɓa komai ba.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: ba kowace RAV4 ko CR-V ce take ja da ƙafa huɗu ba. Akwai masu yawa da ke ja da gaba kawai, ga shi kuma kamarsu ɗaya. Mai saye ya duba ko an rubuta AWD ko 4WD a bayanta. Abin da ya fi tabbas shi ne ya sa makanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ga ko farfelar tana nan, domin wani lokaci idan ta lalace cire ta ake yi a ajiye.

Amfaninta a yankinmu

Sunan jiharmu ma ya nuna irin ƙasarmu, domin jigawa tana nufin tudu mai rairayi. Daga Dutse zuwa Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu akwai kwalta. Amma da an sauka daga titi za a shiga ƙauye, sai a haɗu da yashi a lokacin rani, da taɓo a lokacin damina. A nan ne wannan mota take nuna kanta. Idan tayoyin gaba sun nutse a yashi, na baya za su tura ta. Tsayinta kuma yana hana cikinta dukan ƙasa a hanya mai kwazazzabai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malamin asibiti da zai kai rigakafi ƙauye, ko ga iyalin da za su kai mara lafiya asibiti da tsakar dare.

Abubuwa uku da ba za ta iya ba

Na farko, ba ta fi sauran motoci saurin tsayawa ba. Kowace mota tana da birki a tayoyinta huɗu. Fowil tana taimakawa wajen tashi ne, ba wajen tsayawa ba. A darasin kimiyya mun koyi cewa idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka birki yana ninkuwa kusan sau huɗu. Shi ya sa dokar hanya ta ƙayyade wa motar gida gudun kilomita 50 a awa ɗaya a cikin gari.

Na biyu, tsayinta yana da illa. Ku gwada da kwalin ashana: a kwance yana da wuyar turewa, a tsaye kuwa ɗan yatsa ya isa. Haka mota mai tsayi ta fi saurin kifewa idan aka sha kwana da gudu.

Na uku, kuma shi ne ya fi muhimmanci: ba kwale-kwale ba ce. Duk mun san yadda ambaliyar 2022 ta cinye hanyoyi da gonaki a ƙananan hukumomi da dama na jiharmu, musamman waɗanda ke kusa da kogin Haɗeja. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30, wato tsawon rular da ke jakarmu, zai iya ɗaga ƙaramar mota. Idan ya kai santimita 60 zai iya tafiya har da jif. Tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta da wani amfani, ko biyu ce ke ja ko huɗu. Bayan haka, idan injin ya zuƙi ruwa yana iya bugawa nan take. Kuma ba wanda ya san ko ruwan ya riga ya yanke kwalbatin da ke ƙasa. Saboda haka idan ruwa ya rufe hanya, a juya ko a jira.

To me ke sa ta daɗe?

Amsar ita ce kulawa. Ga abubuwa biyar da mai ita zai riƙe:

1. Baƙin mai. Shi ne yake hana ƙarafan injin cin junansu. A duba shi da safe kafin a tayar da mota, a kuma canza shi da filtarsa a kan lokaci. A wuri mai zafi da ƙura irin namu gara a yi da wuri.

2. Filtar iska. Injin ma numfashi yake yi. A lokacin hunturu ƙura tana toshe filtar, sai ƙarfin mota ya ragu, shan manta ya ƙaru.

3. Ruwan lagireto. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. A riƙa duba ruwan idan injin ya huce. Kada a taɓa buɗe murfin da zafinsa, domin tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙone mutum.

4. Tayoyi. Ga mai fowil, dole tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, kuma cinyewarsu ta yi kusa da juna. Idan ɗaya ta fi sauran ƙanƙanta, za ta riƙa juyawa da sauri, motar ta ɗauka santsi take yi, sai kayan da ke raba ƙarfi su yi ta wahala har su lalace. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana yawan gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi.

5. Man giya da man aksul na baya. Wannan shi aka fi mantawa, saboda motar da ke ja da gaba kawai ba ta da na bayan. Kowace mota da irin man da kamfaninta ya ce a zuba mata.

Sai kuma batun kayan gyara. Motar da kayanta suke samuwa a Dutse, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma makanikanmu suka san ta, ta fi wadda za ta yi wata guda a gareji tana jiran ƙarfe ɗaya. Iyayenmu suna ba da labarin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna. Yawancinsu da tayoyin baya kawai suke ja, amma sun shiga lungu da saƙo shekara da shekaru, domin kayansu da masu gyaransu suna ko'ina.

Mu yi ɗan lissafi

Fowil ta fi nauyi, don haka ta ɗan fi shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ya zama abin dubawa. Mu ƙaddara wata mota tana shan lita 10 a kilomita 100, fowil ɗinta kuma lita 11. Mu kuma ƙaddara lita ɗaya naira 1,000 ce. Idan mai ita yana yin kilomita 1,000 a wata, bambancin lita 10 ne, wato naira 10,000. A shekara ya zama naira 120,000. Wanda zirga-zirgarsa daga gida ce zuwa sakatariya a kan kwalta, yana biyan kuɗin abin da ba ya amfani da shi. Wanda kuwa kullum yana hanyar gona ko ƙauye, kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Ina ruwanmu, tunda ba mu isa tuƙi ba?

Gaskiya ne sai mutum ya kai shekara 18 ake ba shi lasisi. Amma mu ne muke zama a kujerar baya. Za mu iya ɗaura bel. Za mu iya karanta lambar taya mu nuna wa Baba ko Yaya. Idan kuma aka iso inda ruwa ya rufe hanya, za mu iya cewa cikin ladabi: "Baba, don Allah mu jira ya janye." Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyin mako

1. Wane ƙarfe ne yake kai ƙarfin injin zuwa tayoyin baya?
2. Taya mai lamba 0821, yaushe aka yi ta?
3. A lissafinmu na sama, idan lita ta koma naira 900, nawa ne bambancin a shekara?

Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku saka a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in sha Allah. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.