Gyaran Yaro Daga Iyaye Yake Farawa

Karatu: 1 Sama'ila 2:22-25, 3:11-14, Afisawa 6:4

Kun san yadda abin yake. Kuna kasuwa, yaro ya ga alewa, kuka ce a'a. Sai ya zube ƙasa yana birgima. Kuka daka masa tsawa, ya ƙara ihu. Don kunyar idon mutane, kuka saya masa. Wuri ya yi shiru, amma ya koyi cewa ihu yana biyan bukata, ku ma kun koyi cewa sakar masa yana kawo sauƙi. Gerald Patterson, masanin halayyar ɗan adam a jihar Oregon ta Amurka, ya daɗe yana nazarin irin wannan ja-in-ja a gidaje. Ya nuna cewa iyaye da yaro ne suke koya wa juna ita ba tare da sun sani ba.

Shi ya sa shirye-shiryen horar da iyaye, kamar Triple P wanda Matthew Sanders ya kafa a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, iyaye suke koyarwa, domin su ne suke tare da yaron kullum. Ga kaɗan daga cikin darussansu. Ku keɓe 'yan mintoci kowace rana ku yi wasa da yaron. Idan ya yi abin kirki, ku yabe shi nan take, ku faɗi abin da ya yi. Ku ba da umarni ɗaya a lokaci guda, kuna kusa da shi, cikin sanyin murya. Idan ya ƙi, ku zartar da ɗan hukuncin da kuka riga kuka faɗa masa, kamar ɗauke abin wasansa na ɗan lokaci. Kada uba ya hana, uwa ta bayar.

Eli firist ya tsawata wa 'ya'yansa da baki, amma bai hana su ba, Ubangiji kuwa ya hukunta gidansa. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata. Sakaci da zafin rai duka suna ɓata yaro.

A wannan mako, ku zaɓi hali ɗaya da kuke so ya gyaru, ku daidaita bakinku a kai. Da farko ihun yana iya ƙaruwa. Ku tsaya a kan maganarku.

Addu'a: Ya Uba, ka cika mu da Ruhunka Mai Tsarki, ka ba mu haƙuri da kamunkai, mu goyi 'ya'yanmu cikin tsoronka. Cikin sunan Yesu, amin.