Kafin A Ja Tirelar Daga Kan Titi

Yawancin masu zuwa ofishina kan haɗarin babbar mota sai an yi wata uku ko huɗu suke zuwa, lokacin da kuɗin asibiti ya cinye jari, mai mota kuma ya daina ɗaga waya. Kafin nan an ja tirelar, an sake mata birki, ta koma ɗaukar kaya tsakanin Kano da Legas. Ruwa da tayoyin wasu motoci sun goge duk wata alama da ta rage a kan kwalta. Ni lauya ne, kuma neman diyyar waɗanda suka ji rauni a irin wannan haɗari shi ne akasarin aikina. Abin da aikin ya nuna mini shi ne haƙƙin mutum yakan tabbata ko ya salwanta tun a makon farko, tun shi yana kwance bai san inda kansa yake ba. Don haka da 'yan uwansa nake magana a nan, domin su ne ke tsaye da ƙafafunsu a wannan mako.

Kotu da kamfanin inshora ba sa biyan mutum don ya ji ciwo kawai. Dole a nuna cewa wani ya yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo ciwon. Duk binciken da muke yi a kan wannan yake tafiya.

Daga wurin da abin ya faru ake farawa. 'Yan sandan sashen kula da zirga-zirgar motoci, waɗanda ake kira MTD, su ne ke zana taswirar wurin: inda kowace mota ta tsaya, inda suka haɗu, da tsawon zanen da taya ta bari. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, waɗanda ake kira ta lamba 122, su ma suna da nasu rahoton. Wannan taswira ta 'yan sanda takan zama ƙashin bayan shari'a, amma sau da yawa direban tirela ne kaɗai ke tsaye ana zana ta, shi ke nuna nan ne, can ne. Ya kamata wani daga dangin wanda aka buge ya kasance a wurin, ya duba kafin a sa hannu. Ya kuma ɗauki hotuna da wayarsa, daga nesa da kuma daga kusa: lambar kan mota, lambar bodi, sunan da aka rubuta a ƙofa, fasassun gilasai, da wurin da ƙarfe ya kwarzane kwalta. Wannan kwarzane yakan nuna a hannun wa aka yi karon, ko da motocin sun yi tsalle sun faɗa wani wuri. A kuma adana ita wayar, kada a tura hotunan ta WhatsApp a goge na asali, saboda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayanin na'urar da ta samar da hoton kafin kotu ta karɓe shi.

Zanen taya yana faɗin gudu. Idan mota ta ninka gudunta sau biyu, nisan da take buƙata kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu, don haka masani zai iya auna tsawon zanen ya yi lissafin mafi ƙarancin gudun da take yi. Ƙa'idar hanya a Najeriya ta kayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Tun watan Fabrairun 2017 FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Idan muka tarar babu ita, ko an cire wayarta, wannan laifi ya wuce kan direba, ya kai ga mai motar.

Sai ita motar kanta, kuma a nan ne aka fi yi mana asara. Maganar da kusan kowane direba yake faɗa ita ce birki ne ya tsinke, mutane kuma sai su ce to, ai wannan ba laifin kowa ba ne. Birkin tirela da iska yake aiki, kuma ba kasafai yake lalacewa farat ɗaya ba. Ko dai takalmin birkin ya cinye an ƙi canjawa, ko bututun iska yana yoyo an naɗe shi da roba, ko kuma an toshe birkin wasu tayoyin baya gaba ɗaya don a kauce wa kuɗin gyara. Wani lokacin kaya ne ya wuce kima, direba ya yi ta taka birki a gangara har ya yi zafi ya daina kamawa. Kowanne daga cikin waɗannan yana barin alama, muddin jami'in duba lafiyar motoci, wato VIO, ya gan ta kafin makaniki ya taɓa ta. Shi ya sa wasiƙar farko da nake rubutawa zuwa ga 'yan sanda ce, ina neman kada a saki motar sai an duba ta, kuma idan da hali mu kawo namu injiniyan ya tsaya a wurin. Haka tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. FRSC na ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. Idan wadda ta fashe ta shekara bakwai, hoton waɗannan lambobi ya fi shaidu goma amfani.

Akwai wata shari'a da na yi ta wani mai shayi a bakin hanyar Zariya, wanda tirela ta hau rumfarsa da asuba, ya rasa ƙafa ɗaya. Direba ya ce taya ce ta fashe. Da aka duba, tayar ta fashe, amma gefen da ya yage ya nuna bayan ta daki bakin kwalbati ne, kuma babu zanen birki ko taku ɗaya a kan titin. Kamfanin, wanda ba zan ambaci sunansa ba, yana da na'urar bibiyar motocinsa ta tauraron ɗan Adam. Da kotu ta umarce su su kawo bayananta, sai aka ga motar ta kwana tana tafiya, babu hutun kirki tun daga Neja. Barci ne ya ɗauke shi. Raina ya fi ɓaci da kamfanin fiye da direban, domin tsarin biyansu a kan yawan sahu yake, wanda ya tsaya ya yi barci shi ne zai koma gida da ƙaramin kuɗi. Irin waɗannan bayanai ba sa daɗewa a ajiye, wasu na'urorin sababbi kan rufe tsofaffi, don haka ake aika wa kamfani takarda tun da wuri cewa ya adana su, tare da takardar lodi, littafin gyaran mota, da fayil ɗin direba. A fayil ɗin muna duba ko yana da lasisin aji G, wanda shi ne na tuƙa tirela, ko kuwa ma yaron mota aka bar wa sitiyari.

Daga nan sai tambayar wa za a nema. Direba ba shi da kuɗin da zai biya ƙafa. A doka, mai gida yana ɗaukar alhakin sakacin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki, amma gano mai gidan ma aiki ne. Kan mota na wani, bodi na wani, kaya na wani kamfani da ya yi hayar su, tambarin da ke jiki kuma na wanda ya sayar da motar tun bara ne ba a sauya takardu ba. Dalilin ɗaukar hoton lambobi biyu ke nan.

Inshora kuma mutanenmu sun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda. Alhali wadda doka ta wajabta wa kowace mota don kare wanda aka buge aka yi ta. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗinta ga manyan motocin dakon kaya ya zama naira 100,000 a shekara, tare da biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 5. Wannan iyaka ta dukiya ce. Rauni da rasa rai ba su cikinta, ana auna su ne da girman abin da ya samu mutum. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, waɗanda ake saya a bakin ofishin lasisi. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora na NIID a ga ko ta gaskiya ce, kuma idan ta gaskiya ce a sanar da kamfanin a rubuce ba tare da jinkiri ba.

Dole in yi magana a kan 'yan uwanmu masu hawa saman kaya, ko cikin tirelar shanu da buhunan albasa zuwa kudu. Na san rashin kuɗin mota ne ke sa su. Sai dai idan motar ta kife, kamfanin inshora zai ce an yi mata rajista ne don kaya, ba don fasinja ba, mai mota kuma zai ce shi bai ba direba izinin ɗaukar kowa ba. Waɗannan su ne shari'o'in da suka fi wuya a hannuna, kuma su ne aka fi mutuwa a cikinsu.

Shi kansa ciwon sai an tabbatar da shi da takarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, don haka a kai shi nan take. Da yawa sukan ɗauke majinyaci bayan kwana biyu su kai wa mai ɗori. Ba na raina masu ɗori, amma ba sa ba da rahoton likita, kuma idan ƙafa ta ruɓe aka yanke, lauyan kamfani zai ce ɗorin ne ya jawo, ba haɗarin ba. A samu hoton ƙashi, katin asibiti, da rahoton likitan ƙashi, irin na Asibitin Dala, da zai faɗi yawan nakasar da za ta dawwama. A tara kowane rasit, har na allura da na motar da ta kai shi, domin kuɗin da aka kashe sai an nuna shi filla-filla kafin kotu ta bayar. Mai sana'ar hannu da ba shi da takardar albashi zai iya kawo littafin cinikinsa, bayanan asusunsa na banki, da shaidar shugaban kasuwarsu kan abin da yake samu a rana.

Abin da ya fi kashe mana shari'a shi ne zaman sulhun gaggawa. Wakilan mai mota da shugabannin ƙungiyar direbobi za su zo asibiti da ladabi, su yi jaje, su ajiye kuɗin magani, su ce Alhaji ya ce a yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sai a miƙo takarda da Turanci, mahaifi ko wa ya dangwala, bai san an rubuta cewa an karɓi wannan kuɗi a matsayin biyan ƙarshe ba. Na yarda da ƙaddara kamar yadda kowane Musulmi ya yarda, kuma yafiya alheri ce babba. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya shar'anta diyya a kisan kuskure da raunata gaɓɓai, kuma haƙƙin yafewa na wanda aka yi wa ne, ba na kawunsa da ke jin kunyar baƙi ba. Idan akwai marayu a ciki, abin ya ƙara nauyi. Sulhu ba laifi ba ne, yawancin shari'o'ina ma da shi suke ƙarewa, sai dai a yi shi bayan likita ya faɗi inda ciwon zai tsaya. A karɓi kuɗin magani idan an bayar, a rubuta cewa na magani ne kawai, kada a sa hannu a abin da ba a karanta wa mutum da Hausa ba.

Akwai kuma wa'adi. Kowace jiha tana da dokar da ta kayyade shekarun da za a iya shigar da ƙara a cikinsu, idan suka wuce kotu ba za ta saurara ba komai ƙarfin hujja. Idan kuwa motar ta hukumar gwamnati ce, dokar kare jami'an gwamnati tana iya rage lokacin zuwa wata uku kacal daga ranar haɗarin. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi ofishin Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a ta ƙasa da ke babban birnin jiharsa tun majinyacin yana asibiti, ya tafi da hotunan, da lambobin motar, da sunan ofishin 'yan sandan da aka kai ta.