Darasi: Ranar Aure da Shekara ta Fari

Karatu: Yohanna 2:1-11, Kubawar Shari'a 24:5.

'Yan'uwa, kada ango ya ci bashi domin bikinsa ya fi na maƙwabci. Shi da amarya su zaɓi ayarsu da waƙoƙinsu da kansu, su yi biki daidai ƙarfinsu. Darajar bikin Kana ita ce an gayyaci Yesu.

Biki na kwana kaɗan ne, amma shari'ar Musa ta keɓe wa sabon ango shekara guda. Ta hana a kai shi yaƙi, domin ya zauna gida, matarsa ta ji daɗi. Yau kuwa wani ya kan tafi cin rani saboda bashin biki, ya bar amarya ita kaɗai.

Sa'anda shekara ta kewayo, ku sake karanta ayarku tare, ku gode wa Allah.

Tambaya: Me bashin biki ya ke ƙwace wa amarya?