Shirin Tafiya Baturiya Bisa Keke

Da yawa daga cikinmu sun iya hawan keke cikin gari, amma ba su taɓa yin tafiyar wuni a kansa ba. Ga wanda ke Haɗeja, tafiyar da ta dace ya fara da ita ita ce ta Baturiya, a ƙasar Kirikasamma, gabas da birnin. Can ne kogin Haɗeja ke bazuwa cikin fadamu a kan hanyarsa ta zuwa Tafkin Chadi. A shekarar 2008 aka sa dausayin nan cikin jerin dausayoyi masu daraja na duniya, saboda tsuntsayen da kan zo daga Turai su yi hunturu a wurin.

Da farko sai mu zaɓi lokaci. A watan Agusta da Satumba ruwa yakan malale hanyoyin fadama, taɓo ya riƙe ƙafar keke. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin rana yakan kayar da ƙato. Saboda haka Disamba da Janairu sun fi, ga sanyi, ga tsuntsaye sun iso. Amma mu tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, watau za mu yi ta kokawa da ita wajen zuwa, sa'an nan ta turo mu wajen komowa. Sai mu yi sammako tun ba ta tashi ba.

Na biyu, keken kansa. Kwana 3 kafin tashi mu duba birki da sarƙa da tayoyi, mu ɗaure kowane ƙarfe da ya yi sako-sako, mu sa mai. Mu daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka, gama sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa. Ƙayar aduwa da ta gabaruwa ba su jin tausayin taya, don haka famfo da faci da sholisho da sifana su zama cikin jaka. Lalle kowa ya koyi yin faci da hannunsa tun a gida: a hura tub, a nutsa shi cikin ruwa, inda kumfa ta fito nan hujin yake.

Na uku, jiki. Wanda bai saba ba, kada ya ɗauka ƙarfin samartaka ya isa. Mu fara da mil 5 kowace safiya, mu riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har mako 3, cinya ta saba, mazaunai su saba.

Na huɗu, guzuri. Mu ɗauki ruwan sha mai yawa daga gida, da ƙuli-ƙuli da dabino. Kada ganin tafki ya ruɗe mu. Kwantaccen ruwa shi ke ɗauke da tsargiya, wadda kan shiga ta fata ko da wanka kaɗai mutum ya yi.

A hanya, in mun tarad da rairayi mai zurfi, mu sauka mu tura, ba abin kunya ba ne. Kada ɗayanmu ya tafi shi kaɗai, kada kuma a bar na baya. In mun isa, mu fara gai da mai gari, mu nemi wanda ya san dajin ya yi mana jagora. Mu juyo tun la'asar ba ta yi ba, gama faci cikin duhu aiki ne mai wuya.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.